BABI NA UKU: ƘARAR FAIFAN AJIYA NA KWAMFUTA DA MUHIMMANCINTA GA MASU AIKI DA NA'URA A ƘASAR DAURA

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi bayani a kan ƙarar da faifan ajiya na kwamfuta yake fitarwa a lokacin da yake aiki. Za a fara da bayyana ko mene ne faifan ajiya da yadda aka ƙera shi, sannan a waiwayi tarihinsa a taƙaice. Daga nan sai a duba inda ƙarar take fitowa da ma'aunin da ake auna ta da shi, da kuma yadda ake bambance ƙarar lafiya da ƙarar lalacewa. A ƙarshe za a ɗora waɗannan bayanai a kan yanayin ƙasar Daura, domin a ga abin da suke nufi ga ma'aikacin ofis da malamin makaranta da mai shagon buga takardu.

Dalilin ba wannan batu babi guda shi ne, faifai ɗaya yakan ɗauki sakamakon jarrabawar ɗalibai da takardun filaye da lissafin ciniki na shekaru masu yawa. Sau da yawa kuwa kunne ne yake fara sanin cewa faifan ya kama hanyar mutuwa, tun kafin wani saƙo ya bayyana a fuskar kwamfuta.

3.1 Ma'anar Faifan Ajiya da Ƙirarsa

Faifan ajiya, wanda masu gyara suke kira had-dis, shi ne sashen da kwamfuta take adana bayanai a cikinsa ta yadda ba za su goge ba ko da an kashe wuta. Ɗan akwati ne na ƙarfe, a cikinsa akwai fayafai na alminiyum ko na gilashi waɗanda aka shafe da sinadarin maganaɗisu. Fayafan suna jere a kan sanda guda, wani ɗan inji yana juya su. Akwai kuma hannu mai lilo wanda yake ɗauke da kan karatu, wato abin da yake rubuta bayanai a kan faifan kuma yake karanto su.

Wanda ya san garmaho zai yi saurin fahimtar wannan ƙira, sai dai akwai bambanci babba. Allurar garmaho tana taɓa faifai, amma kan karatu na kwamfuta ba ya taɓa shi. Iskar da juyawar faifan take haifarwa ita ce take ɗaga shi, ya yi ta shawagi a tazarar da ba ta wuce 'yan nanomita ba, alhali kaurin silin gashin mutum yakan kai nanomita dubu saba'in ko fiye. Wannan ƙanƙantar tazara ita ce ta sa faifan ajiya ba ya jure girgiza, kamar yadda za a gani a gaba.

Girma biyu ne suka fi yawa a hannun jama'a. Akwai mai inci 3.5 wanda ake sa wa kwamfutar tebur da na'urar naɗar hotunan kyamarar tsaro, da kuma mai inci 2.5 na kwamfutar tafi-da-gidanka. Kamfanoni uku ne suka rage suna ƙera shi a duniya, wato Seagate da Western Digital da Toshiba.

3.2 Taƙaitaccen Tarihi

Kamfanin IBM na ƙasar Amurka shi ne ya fitar da faifan ajiya na farko a shekarar 1956, tare da na'urarsa mai suna RAMAC. Yana da fayafai 50, kowane faɗinsa inci 24, suna juyi 1,200 a minti guda, amma abin da yake iya ɗauka bai wuce haruffa miliyan biyar ba. A wancan lokaci ba a damu da ƙararsa ba, domin ɗaki na musamman ake ware masa.

Al'amarin ya sauya da faifan ya shigo ofis da ɗakin kwana. A 1980 kamfanin da aka sani yau da suna Seagate ya fitar da samfurin ST-506 mai ɗaukar megabait 5, wanda yake juyi 3,600 a minti. Daga nan sai aka shiga tseren sauri. A 1992 aka samu mai juyi 7,200, a 1996 mai 10,000, sannan a shekarar 2000 mai 15,000. Duk lokacin da sauri ya ƙaru, ƙara da zafi su ma sai su ƙaru. Saboda haka tun daga farkon shekarun 2000 kamfanoni suka mayar da hankali ga rage ƙara, suka sauya boris mai ƙwallayen ƙarfe da wani irin boris wanda sandar take juyawa a cikin siririn mai. A 2013 kuma kamfanin HGST ya fara sayar da faifan da aka cika cikinsa da iskar hiliyam aka liƙe, wadda nauyinta kimanin kashi ɗaya ne cikin bakwai na iskar da ake shaƙa.

3.3 Mafarin Ƙara a Cikin Faifai

Idan aka yi la'akari da ƙirar da aka bayyana a sama, za a ga ƙarar faifai tana fitowa ne daga wurare uku.

3.3.1 Ƙarar Juyawa

Wannan ita ce ƙarar da ake ji muddin faifan yana kunne, ko da ba a aikin komai da shi. Ta haɗa da shuu ɗin iskar da fayafai suke kaɗawa da kuma sautin injin da boris. Faifai mai juyi 7,200 a minti yana juyi 120 ke nan a daƙiƙa guda, mai 5,400 kuwa juyi 90. Yawan fayafai shi ma yana da tasiri, domin faifai mai hawa huɗu ya fi mai hawa ɗaya kaɗa iska. Tsohon boris mai ƙwallaye idan ya cinye yakan fitar da wata siririyar ƙara mai shiga kunne kamar kukan sauro.

3.3.2 Ƙarar Nema

Bayanai ba sa zama wuri guda a kan faifai. Duk lokacin da aka buɗe wata takarda, sai hannun ya zabura ya kai kan karatu inda take, ya tsaya cak. Wannan zabura da tsayawa su ne suke ba da ƙas-ƙas ko gurgur ɗin da ake ji a lokacin da kwamfuta take tashi ko ake kwafar bayanai masu yawa. An taɓa sanya wani tsari a ƙa'idar ATA ta shida wanda yake ba mai kwamfuta damar sassauta saurin hannun domin ƙara ta ragu, ko da yake aikin zai ɗan yi nawa. Daga baya manyan kamfanoni sun daina sanya shi a fayafansu.

3.3.3 Ƙarar Girgiza

Babu faifan da daidaitonsa ya cika ɗari bisa ɗari, don haka yana ɗan rawa a lokacin juyawa. Idan an ɗaure shi kai tsaye a jikin ƙarfen gidan kwamfuta, sai rawar ta bi ƙarfen ta shiga tebur, su kuma su ƙara mata ƙarfi kamar yadda ƙoƙon gurmi yake ƙara wa tsirkiya amo. Wannan ita ce ƙugin da ake ji a ƙasa-ƙasa. Idan fayafai biyu suna gida ɗaya kuma saurinsu ya ɗan bambanta, sai ƙugin ya riƙa tashi yana sauka a kai a kai.

3.4 Yadda Ake Auna Ƙara

Ma'aunin ƙara shi ne desibel, kuma desibel goma su ne bel guda. Wannan ma'auni ba ya tafiya kamar mudu ko kilo. Ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma, amma kunne yakan ji kamar ya ninka sau biyu ne kawai. Idan aka kunna na'urori biyu masu ƙara daidai, jimillarsu za ta ƙaru da desibel 3 ne, ba ninki biyu na adadin ba. Na'urori goma za su ƙara desibel 10, hamsin kuma kimanin 17. Haka nan a fili, duk lokacin da tazara ta ninka sau biyu, ƙara takan ragu da kimanin desibel 6.

Kamfanoni suna rubuta ƙarar faifai a takardar bayaninsa, galibi da bel, bisa ƙa'idar awo ta duniya mai lamba ISO 7779. Adadi biyu suke bayarwa, ɗaya na lokacin zaman banza, ɗaya na lokacin nema. Faifan kwamfutar tebur na zamani yakan kasance tsakanin bel 2 da bel 3, manyan fayafan cibiyoyin adana bayanai kuwa sukan haura bel 3 a lokacin nema. Ya kamata a lura cewa wannan adadi awon dukkan sautin da faifan yake fitarwa ne, ba abin da yake isa kunne ba. Wanda yake zaune mita guda daga faifan, abin da zai ji ya gaza adadin da kimanin desibel 8 zuwa 11.

Domin a gane matsayin waɗannan alƙaluma, sai a kwatanta su da sautukan yau da kullum. Raɗa takan kai desibel 30, hira ta fatar baki kimanin 60. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 1999, ta ba da shawarar kada ƙarar cikin aji ta wuce desibel 35, ta ɗakin barci da dare kuma kada ta wuce 30. Masana lafiyar ma'aikata suna ɗaukar desibel 85 na tsawon awa takwas a matsayin iyakar da ji yake fara samun illa. A Nijeriya hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ce take da alhakin wannan fanni, kuma an fitar da dokokin ƙayyade ƙara a 2009.

Daga waɗannan alƙaluma za a fahimci cewa faifai guda ba ya kurmantar da kowa. Matsalar takan taso ne idan na'urori suka yi yawa a ɗaki guda. Alal misali, a ɗauka kowace kwamfuta tana isar da desibel 20 ga kunnen ɗalibi. Idan guda hamsin ne a ɗakin kuma aka ɗauka tasirinsu daidai yake, jimilla za ta kai kimanin 37, wato ta haura abin da ake so a aji.

3.5 Ƙarar Lafiya da Ƙarar Lalacewa

Hausawa kan ce jiki magayi, kuma haka abin yake ga faifai. Lafiyayyen faifai yana tashi da sauti mai hawa a hankali, ya daidaita cikin 'yan daƙiƙu, sannan a riƙa jin ƙas-ƙas marar tsari idan ana aiki. Idan aka kashe shi a kan ji ƙas guda ɗaya, wato hannu ya koma mazauninsa. Duk waɗannan ba abin tsoro ba ne. Waɗanda suke nuna matsala su ne kamar haka:

(a) Ƙas-ƙas mai tsari, wanda yake maimaita kansa a tazara ɗaya, kwamfuta kuma ta kasa ganin faifan. Wannan yana nuna kan karatu ya kasa gano alamomin da suke yi masa jagora, yana ta zuwa yana dawowa.

(b) Ƙarar gurzawa ko karta, kamar ana goga ƙarfe a kan dutse. Alama ce ta cewa kan karatu ya taɓa faifan yana kankare shafen maganaɗisu. Duk daƙiƙar da aka ƙara a kunne, bayanai ne suke zama gari.

(c) Ɗan kuka marar ƙarfi mai yankewa ba tare da an ji juyawa ba. Ko dai kan karatu ya manne a jikin faifai, ko sanda ta cije, ko kuma wutar da take isa faifan ba ta isa ba.

(d) Tashi da mutuwa a jere, wanda galibi yake nuna raunin wuta ko lalacewar allon lantarkin faifan.

Akwai tsarin da aka gina a cikin faifai mai suna SMART, wanda yake lura da lafiyarsa ya ba da gargaɗi. Sai dai ba a dogara da shi kacokan. Wani nazari da ma'aikatan kamfanin Google suka wallafa a 2007, wanda ya shafi fayafai fiye da dubu ɗari, ya nuna cewa kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alamar kuskure a wannan tsari ba. Wannan ya ƙara nuna amfanin sauraro, ko da yake shi ma ba ya kama kowace matsala, domin akwai faifan da yake mutuwa shiru.

3.6 Yanayin Ƙasar Daura da Ƙarar Faifai

Masarautar Daura tana arewa maso gabashin Jihar Katsina, a kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. Birnin Daura yana da nisan kimanin kilomita 80 daga Katsina. Amfani da kwamfuta ya ƙaru a yankin saboda dalilai sanannu. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta hanyar kwamfuta. Baya ga Kwalejin Yusuf Bala Usman, an kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura a 2019, kuma a watan Disamba na wannan shekara aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Inda ɗalibai suka yi yawa kuwa, shagunan buga takardu da na rajista ta intanet sukan biyo baya. Da yawa daga cikin irin waɗannan shaguna a arewacin Nijeriya kwamfutoci na hannu suke saye saboda sauƙin kuɗi, waɗanda fayafansu sun riga sun yi shekaru suna juyawa a wata ƙasa.

Abubuwa uku na yanayin wurin suna da alaƙa da batun. Na farko ita ce ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan cika ko'ina da hazo. Ƙurar ba ta cika shiga cikin faifan ba, domin ɗan hujin da yake shaƙar iska yana da matata. Fankokin kwamfuta take toshewa, su riƙa gurnani, mai na'ura ya zaci faifai ne, har ya sayi sabo alhali nasa lafiya lau. Haɗarin ƙura na gaske yana ga mai gyaran da zai kwance murfin faifai a shago, domin ƙwayar ƙura guda ta ninka tazarar shawagin kan karatu sau ɗaruruwa.

Na biyu shi ne zafi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Yawancin fayafai an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 55 zuwa 60 ba, cikin gidan kwamfuta kuwa ya fi ɗaki zafi. Wanda ya rufe kwamfuta a cikin durowa ko ya lulluɓe ta da zane domin ya huta da ƙara, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Na uku ita ce wutar lantarki. Kamfanin KEDCO ne yake rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, kuma ɗaukewar wuta ta sa ofisoshi da shaguna suna dogara da janareto ko sola. Duk lokacin da wuta ta yanke ba zato, sai faifai ya fizge hannunsa da gaggawa zuwa mazauni, kuma yawan haka yana gajiyar da shi. Bugu da ƙari, rurin janareto a ƙofar shago da fankar sama da hayaniyar babura sun fi ƙarar faifai nesa ba kusa ba. Sakamakon haka shi ne, faifai zai iya kwanaki yana kukan neman agaji ba wanda ya ji. A nan ne ainihin matsalar take ga mai aiki da kwamfuta a Daura. Ƙarar faifan ba ta dame shi ba, hayaniyar wurin ce take hana shi jin ta a lokacin da jin yake da amfani.

3.7 Illar Ƙarar Waje ga Faifai

Kamar yadda faifai yake fitar da ƙara, haka ƙarar waje take cutar da shi, domin sauti girgiza ce da iska take ɗaukowa. A 2008 wani injiniya a kamfanin Sun Microsystems mai suna Brendan Gregg ya nuna cewa yin ihu a gaban jerin fayafai yana sa aikinsu ya yi nawa nan take. A watan Satumba na 2016, a birnin Bukares na ƙasar Romaniya, gwajin na'urar kashe gobara mai fesa iska da ƙarfi ya fitar da ƙarar da ta lalata fayafan bankin ING, har harkokin bankin suka tsaya na kimanin awa goma. A 2022 kuma wani injiniyan Microsoft, Raymond Chen, ya bayyana cewa wata waƙar Janet Jackson ta 1989 tana ɗauke da sautin da ya yi daidai da rawar wasu fayafai masu juyi 5,400, har takan sa kwamfutar ta tsaya.

Darasin da yake cikin waɗannan misalai ya shafi masu tura waƙoƙi da finafinai a waya da masu kiɗan biki, waɗanda sukan ajiye kwamfuta kusa da manyan lasifikoki. Haka nan ya shafi shagon da yake jingine da injin niƙa, ko wanda janareto yake kan daɓe ɗaya da teburin kwamfuta.

3.8 Hanyoyin Rage Ƙara da Kare Bayanai

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da waɗannan matakai:

(a) A saurari kwamfuta da sassafe kafin a tayar da janareto ko fanka, domin a san sautinta na lafiya. Wanda ya san wannan shi ne zai gane ranar da ya sauya.

(b) A ɗaure faifai da dukkan sukurorinsa, a sa washar roba a tsakani, a kuma ɗora gidan kwamfuta a kan abu mai taushi ba tare da an toshe mashigar iska ba.

(c) A riƙa hure ƙurar fankoki, musamman a ƙarshen hunturu kafin shigar bazara.

(d) A sa na'urar riƙon wuta ta UPS domin a samu damar kashe kwamfuta a tsanake, a kuma nisanta janareto da lasifika daga tebur.

(e) Wajen sayen faifai na hannu, a nemi a kunna shi a wuri marar hayaniya, a duba yawan awoyin da ya yi yana aiki a tsarin SMART. Mai juyi 5,400 ya fi shiru da sanyi, kuma ya wadatar da aikin buga takardu.

(f) Idan aka ji ƙarar gurzawa ko ƙas-ƙas mai tsari, a kashe na'ura nan take. Kada a bubbuga faifan, kada a buɗe shi.

(g) Mai hali ya koma ga ma'adanar SSD, wadda ba ta da wani abu mai motsi, don haka ba ta ƙara kuma tana jure girgiza. Sai dai ita ma tana mutuwa, kuma ba ta yin kukan da za a ji.

(h) A riƙa kwafar muhimman bayanai a wuri na biyu, a ajiye shi a wani ɗaki dabam.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin ƙirar faifan ajiya da tarihinsa daga 1956, an kuma nuna cewa ƙararsa tana fitowa ne daga juyawa da nema da girgiza. An ga yadda ake auna ta da desibel da bel, da yadda adadinta ya gaza abin da yake cutar da ji, in ban da takurar da tarin na'urori kan jawo a ɗaki guda. An kuma bambance sautin lafiya da na lalacewa. Dangane da ƙasar Daura, an nuna cewa ƙurar hunturu da zafin bazara da yankewar wuta suna rage wa faifai kwana, hayaniyar janareto kuma tana ɓoye alamun da yake bayarwa. Don haka abin da ya kamaci mai aiki da kwamfuta a wannan yanki shi ne ya san sautin na'urarsa, ya kuma tanadi kwafin bayanansa tun faifan yana da lafiya.